MAKALAR MAKO: Harsashin da Ya Ƙi Fita Daga Gidansa

Yau za mu ɗan ajiye batun adabi, mu leƙa wani lungu na fasaha da ba kasafai ake rubutu a kansa da Hausa ba. Muna roƙon ku yi haƙuri da alƙaluman da za ku ci karo da su, domin muhawarar duk a kansu take.

A shekararmu ta farko a kwalejin kimiyya da fasaha an raba mu rukuni-rukuni a ɗakin aikin ƙarfe. Aka ba kowane rukuni guntun ƙarfe da zane a takarda, aka ce a sassaƙe shi a inji, a fitar da sanda wadda za ta shiga ramin wani ƙarfen. Kwana biyu muka yi a kan tamu. Muka goge ta har mutum yana iya ganin fuskarsa a jikinta. Da malam ya zo bai ko dubi ƙyallin ba. Ya ɗauki sandar ya kai ta bakin rami, ta ƙi shiga. Ta fi ramin kauri da abin da bai kai kaurin takarda ba. Ya ajiye ta a kan tebur ya ce mu sake. Rukunin da ke kusa da mu tasu ba ta da kyan gani ko kaɗan, amma ta shige sumul, su suka kwashe maki.

Wannan rana ce ta faɗo mana a rai da muka shiga bibiyar wata muhawara da ta daɗe tana gudana tsakanin masu ɗurin harsashi da hannu a Amurka. Kafin mu shiga ciki, bari mu share fage. A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ba ta yarda mutum ya ƙera ko ya harhaɗa harsashi don kansa ba. Aiki ne na wuraren da hukuma ta amince da su, irin DICON da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1964. Da halin tsaron da muke ciki, ba mu ga dalilin sassauta wannan doka ba. Saboda haka babu wanda zai samu awon albarushi ko darasin ɗuri a wannan rubutu. A Amurka kuwa doka ta yarda mutum ya ɗura harsashin da zai yi amfani da shi da kansa, kuma mafarauta da 'yan gasar harbi sun mayar da abin sana'ar gida mai littattafai da kayan awo. Muhawararsu muke so mu auna, mu faɗi inda muka tsaya.

MENE NE AKE JAYAYYA A KAI?

Harsashin bindigar zamani abu huɗu ne a haɗe. Akwai kwanso na tagulla, da ɗan ƙyastu a gindinsa wanda ke tayar da wuta idan an buge shi, da albarushi a ciki, sai ƙwaya a baki, wadda ita ce ke fita ta tafi. Idan an harba, kwanso ne ke saura. Mai ɗuri zai tsince shi, ya wanke, ya gyara, ya sake ɗura shi. Wasu don rage kashe kuɗi suke yi. Wasu kuma so suke su samu harsashin da ya zauna wa bindigarsu daidai, kamar ɗinkin tela maimakon rigar kanti. Kamfanoni irin su Hornady da Sierra da Nosler da Lyman suna buga littattafan awo da aka gwada a ɗakin gwaji, su ne madogarar duk mai hankali a cikinsu.

A ƙarshen aikin, mai ɗuri zai danna ƙwaya cikin bakin kwanso. A nan tambayar take: a tura ta ciki har zuwa ina? In ta shige sosai, harsashi ya zama gajere. In aka bar yawancinta a waje, ya zama dogo. Tsayin harsashi daga gindin kwanso zuwa tsinin ƙwaya, shi ne abin da ake ta kai ruwa rana a kai. Bambancin da ake magana a kansa ƙanƙani ne ƙwarai, ana auna shi da kashi ɗaya cikin dubu na inci. Don ku gane, kaurin takardar rubutu kusan inci 0.004 ne, wato kusan milimita 0.1.

Akwai ma'auni da aka tsayar. A Amurka ƙungiyar masana'antun makamai da harsasai mai suna SAAMI, wadda aka kafa a 1926, ita ke fitar da shi. A Turai akwai hukumar CIP tun 1914. A ma'aunin SAAMI, iyakar tsayin .223 Remington inci 2.260 ne, wato milimita 57.4. Na .308 Winchester inci 2.810 ne, kodayake yawancin littattafai a 2.800 suke tsayawa. Na .30-06 kuwa inci 3.340. Amfanin wannan ma'auni shi ne kamfanin da ke ƙera bindiga da kamfanin da ke ƙera harsashi su haɗu a wuri ɗaya ko da ba su taɓa ganin juna ba.

To me zai sa mutum ya so wuce ma'auni? Amsar tana cikin bututun bindiga. Cikin bututun ba sumul yake ba, an yi masa kunyoyi da kwari kamar gonar da aka yi wa huɗa, sai dai su a murɗe suke tafiya. Su ne ke kama ƙwaya su juya ta kamar katantanwa don ta tafi a miƙe. Kunyoyin nan ba daga mazaunin harsashi suke farawa ba. Akwai ɗan fili sumul a tsakani, wanda za mu kira maƙogwaro. Idan an harba, ƙwaya sai ta tsallake wannan fili kafin ta kama kunya. Masu son dogon harsashi suna cewa idan aka rage wannan tsalle, ƙwaya ba ta samun damar karkacewa, sai ta shiga bututu a saiti, harbi ya ƙara daidaito. Suna da hujja ta biyu: ƙwayar da aka bari a waje tana barin wa albarushi fili a cikin kwanso.

Matsalar ita ce harsashi ba daga hannu yake shiga bututu ba. A yawancin bindigogi, daga gidan harsashi yake tasowa, wato akwatin nan da ake jera harsasai a ciki, wanda wasu ke kira magazin. Sakatar bindiga ce ke turo na sama ta kai shi mazauninsa. Gidan nan yana da bango gaba da baya, ba ya miƙewa. A bindigogin kamfani da yawa maƙogwaro yana da tsawo, ta yadda kafin ƙwaya ta kusanci kunya, harsashin ya riga ya fi gidansa tsayi, wani lokaci da inci 0.100 ko fiye. Mai ɗuri sai ya samu kansa tsakanin iyayen gida biyu: kunya na cewa matso, gidan harsashi na cewa tsaya.

INDA MUKA TSAYA

Ra'ayinmu shi ne, muddin harsashi daga gidansa za a ci da shi, gidan ne ke da magana ta ƙarshe. A tsaya cikin iyakarsa, a bar ɗan sarari, sannan a nemi daidaiton harbi a cikin wannan iyaka. Ga dalilanmu.

Na farko, riba da asara ba girmansu ɗaya ba. Abin da mai kusantar kunya yake fatan samu shi ne ramukan da harsasansa suka huda a allon saiti su ƙara matsowa kusa da juna, wataƙila da 'yan milimita a nisan yadi 100. Abin da yake iya rasawa kuwa shi ne harbin gaba ɗaya. Harsashin da tsininsa ya goga bangon gidansa yana iya maƙalewa, ya hana na ƙasa tasowa, ko ya taso a karkace ya toshe sakata. Maharbin da ya raunata dabba yana buƙatar harbi na biyu nan take, don kada ta shige daji ta mutu a wahale, ko ta juyo kansa. A wannan lokaci 'yan milimitan da ya samu a filin gwaji ba za su yi masa komai ba. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Na biyu, tsinin ƙwaya ba abin dogaro ba ne. Ko a cikin kwali ɗaya, ƙwayoyi sukan bambanta a tsini da 'yan kashi cikin dubu, musamman masu ɗan rami a baki da ake yi don gasa. Injin da ke danna ƙwaya ba tsinin yake riƙewa ba, kafaɗarta yake kamawa. Saboda haka mutum zai iya ɗura harsasai 50 ba tare da ya taɓa saitin injinsa ba, ya auna ya ga tsayinsu bai zo ɗaya ba. Wanda ya auna guda ɗaya ya ga ya shiga gida da ƙyar, ya ce shi ke nan, to akwai na 17 ko na 33 da zai fi wannan tsayi, kuma shi ne zai maƙale. Mu da muka riƙe ma'aunin baniya a makaranta mun san wannan: ba a yanke hukuncin kaya da guda ɗaya, kuma idan ana maganar shiga rami, mafi girma a cikin tarin shi ne abin dubawa. Shi ya sa da yawa daga cikin ƙwararrunsu suke barin sararin inci 0.010 zuwa 0.020 tsakanin tsini da bango, mafarauta ma sukan bar fiye da haka.

Na uku, kunyar da ake bi ba a tsaye take ba. Duk harbi, wuta da zafi suna cin bakin kunyoyin nan kaɗan-kaɗan. A harsasai masu zafin gudu, bayan 'yan ɗaruruwan harbi za a tarar bakin kunya ya ja gaba da 'yan kashi cikin dubu. Wanda ya gina daidaiton bindigarsa a kan tsalle ɗan ƙanƙani, dole ya riƙa ƙara wa harsashi tsayi yana bin ta. Ita tana gaba yana binta, har ranar da zai ci karo da bangon gidan harsashi, wanda shi ba ya motsi. Tun da can nan zai ƙare, me zai hana tun farko ya nemi ɗurin da ke aiki da tsalle mai faɗi, wanda ɗan cin kunya ba zai rikita shi ba?

Na huɗu, kuma shi ya fi nauyi, akwai haɗari ga rai. Iyakar matsin da SAAMI ta tsayar wa .308 Winchester shi ne 62,000 a awon da mai faci ke duba iskar taya da shi. Tayar ƙaramar mota kuwa 30 da 'yan kai take ɗauka. Wato kusan ninki 2,000, kuma a tazarar da ba ta fi taƙi ɗaya daga fuskar maharbi ba. Ƙwayar da aka dasa a jikin kunya ba ta da wurin ɗaukar gudu kafin ta fara cizo, sai matsi ya tashi sama da yadda littafi ya auna. Akwai kuma wata fitinar da kowane tsohon maharbi ya sani. Mutum ya ɗana harsashi, bai samu harbi ba, ya buɗe sakata don ya sauke, sai kwanso ya fito shi kaɗai, ƙwaya ta tsaya cak a bututu, albarushi ya zube cikin bindiga. In yana daji ba shi da sandar tura ta, farautar ranar ta ƙare.

DARASIN CAMP PERRY

Wanda ke ganin ra'ayinmu tsoro ne kawai, ya dubi yadda gwanaye suka warware matsalar. A Camp Perry da ke jihar Ohayo ake gudanar da babbar gasar harbi ta ƙasar Amurka tun 1907. A gasar bindiga mai ƙirar ta soja, akwai zagayen harbi a hankali da zagayen harbi da sauri. A yadi 200 ana harba 10 cikin daƙiƙa 60 a zaune. A yadi 300 ana harba 10 cikin daƙiƙa 70 a kwance, kuma dole a sauya gidan harsashi a tsakiyar zagayen. A yadi 600 kuwa ana harba 20 cikin minti 20, ana sa harsashi ɗaya bayan ɗaya da hannu.

Masu amfani da .223 a wannan gasa sukan zo da kwali biyu. A zagayen sauri suna amfani da ƙwaya mai nauyin giren 77, kusan giram 5, wadda aka tsara siffarta musamman don ta zauna cikin inci 2.260. Da yawa ma sukan tsaya ƙasa da haka kaɗan, wajen 2.250. A zagayen yadi 600 sai su fito da mai giren 80, doguwa siririya, wadda ke ratsa iska da kyau, an bar ta a waje har tsayin harsashin yakan kai wajen inci 2.5. Wannan ba zai taɓa shiga gidan harsashi ba, kuma babu mai ƙoƙarin tura shi. Mutanen nan sun fi kowa son daidaiton harbi, maki ɗaya ke raba na ɗaya da na biyu a cikinsu. Duk da haka, inda gidan harsashi zai yi aiki sai su ba shi haƙƙinsa, inda ba ya cikin lissafi sai su saki tsayi. Daidai ruwa daidai tsaki.

IN TSAYIN YA ZAMA DOLE, A SAUYA KAYAN AIKI

Masu ƙera harsashi ma sun bi wannan hanya. A 1997 aka fito da .260 Remington, mai kwanso inci 2.035. Harsashi ne mai kyau, amma idan aka sa masa dogayen ƙwayoyin harbin nesa aka ce sai ya shiga gajeren gida, dole ƙwayar ta nutse cikin kwanso ta cinye wurin albarushi. A 2007 Dave Emary na kamfanin Hornady da ɗan gasar harbi Dennis DeMille suka tsara 6.5 Creedmoor. Faɗin ƙwaya ɗaya ne da na .260, amma sun rage kwanso zuwa inci 1.920, suka tsayar da tsayin harsashi a 2.825. Sai ƙwaya ta samu wurin miƙewa a waje, harsashin kuma ya shiga gidan da ake da shi. Ba su yi faɗa da bangon gida ba, kwanson suka ja baya. Yau harsashin nan yana cikin waɗanda suka fi karɓuwa a Amurka.

Akwai kuma misalin da ya juya ta ɗaya gefen. A 1956 kamfanin Winchester ya fito da .458 Winchester Magnum don farautar manyan namun daji a Afirka, aka matse shi cikin tsayin inci 3.340 don ya shiga bindiga mai matsakaicin gida. Kwanson ya yi wa aikin kaɗan, dole aka riƙa danƙare albarushi a ciki, mafarauta suka yi ta kukan cewa gudun ƙwayar ba ya kai abin da aka yi alkawari. Wani Ba'amurke mai suna Jack Lott, wanda ɓauna ta ji wa rauni a Mozambik a 1959 yana riƙe da irin wannan bindiga, ya fito daga jinya da yaƙinin cewa harsashin bai isa ba. Maganin da ya kawo a 1971 shi ne .458 Lott: ya ƙara kwanso daga inci 2.500 zuwa 2.800, ya koma bindiga mai dogon gida irin na .375 H&H, wanda ke ɗaukar inci 3.600. Da ya ga gida ya yi kaɗan, gida ya sauya. Bai tura dogon harsashi cikin gajeren gida yana fatan sa'a ba.

Mai ɗurin yau ma yana da waɗannan ƙofofi. Zai iya zaɓar ƙwaya mai gajeren hanci. Zai iya sayen gidan harsashi mai tsawon ciki, in ƙirar bindigarsa ta yarda. Zai iya kai bindiga wa maƙerin da zai yanka masa bututu mai gajeren maƙogwaro, yadda ƙwaya za ta kusanci kunya tun tana cikin iyakar gida. Ko ya yarda ya riƙa sa harsashi ɗaya-ɗaya. Duk waɗannan hanyoyi ne na gaskiya. Abin da muke ƙi shi ne mutum ya so ribar dogon harsashi da saurin gidan harsashi a lokaci guda, ba tare da ya biya kuɗin ko ɗaya ba.

ADALCI GA ƊAYA ƁANGAREN

Ba za mu ce masu kusantar kunya ba su da gaskiya ko kaɗan ba. Masu gasar harbi daga kan benci, waɗanda ke neman jefa ƙwaya biyar cikin rami ɗaya, sun daɗe suna cin riba da wannan dabara. Wasu ƙwayoyi masu siririn hanci suna da saurin fushi, ɗan sauyin tsalle yana sauya inda suke faɗawa. Amma a lura, masu benci ɗaya-ɗaya suke sa harsashi, suna zaune a inuwa, kayan aikinsu na gefe, babu ɓauna a gabansu. Dokarsu ba za ta hau kan mai yawo a daji ba.

Sannan zancen cewa dogon tsalle yana kashe daidaito bai tsaya da ƙafafunsa sosai ba. Bindigogin Weatherby an san su da dogon maƙogwaro, a .300 Weatherby ya kai wajen milimita 9, kuma mafarauta suna harbin nesa da su shekara da shekaru. Harsashin gasa na Federal Gold Medal a .308, wanda kamfani ke ɗurawa a tsayin ma'auni, ya yi suna wajen harba daidai a bindigogi iri-iri, kowace da nata tsawon maƙogwaro. Kamfanin Berger ma, mai ƙera siraran ƙwayoyin nan, ya shawarci masu ɗuri su gwada tsalle mai faɗi har zuwa inci 0.130, don sau da yawa akwai wuri mai daɗi can nesa da kunya. Wato wurin daɗin ba ɗaya ba ne, kuma akwai yiwuwar ɗaya daga ciki yana cikin iyakar gidan harsashi.

Mu ƙara da wani abu da darasin lissafi ya koya mana. Mutum zai harba uku a wannan tsayi, uku a wancan, ya ga na biyun sun fi matsewa, ya ce ya gano sirri. Harbi uku ba hujja ba ce. Ko da harsashi iri ɗaya ne, ukun yau da ukun gobe ba za su zo ɗaya ba, iska da hannu da sa'a duk suna da rabo. Da yawa daga cikin ribar da ake jingina wa ƙarin tsayi, in aka maimaita gwajin da harbi 20 ko 30, sai a ga ta ragu ko ta ɓace. Maƙalewar harsashi kuwa ba ta buƙatar lissafi, sau ɗaya ta isa.

GAJARTA MA BA TSIRA BA CE

Kada wani ya fahimce mu a baibai, ya ce to sai a danna ƙwaya can ciki a huta. Wannan gefen ma da nasa rami. Ƙwayar da ta nutse fiye da kima tana rage filin da ke cikin kwanso, matsi ya sake tashi. In ta wuce har kafaɗarta ta shige ƙasan bakin kwanso, wuyan kwanso ba shi da abin riƙewa sosai. Harsashin da ya yi gajarta da yawa yana iya tasowa ta kusurwar da ba ita ba, ya daki gefen mazauninsa maimakon ya shige. A manyan bindigogi masu ƙarfin naushi, duk harbi sai harsasan da ke jira a gida su daki bangon gaba, tsini ya lotse ko ƙwaya ta ƙara nutsewa, shi ya sa ake matse musu bakin kwanso. A tsofaffin bindigogi irin Winchester 1894, inda harsasai ke jere cikin bututu, tsinin wannan a kan ƙyastun wancan, siffar hanci ma doka ce, ba tsayi kaɗai ba.

Ashe ke nan mai ɗuri shinge uku ne ke kewaye da shi. Akwai tsayin da littafin awo ya yi gwaji da shi, wanda bai kamata a gaza shi da ka ba. Akwai bangon gidan harsashi. Akwai bakin kunya. Tsakanin bango da kunya, wanda ya fi kusa shi ake bi, domin akwai bindigogi masu gajeren maƙogwaro da ƙwaya ke taɓa kunya tun ba ta cika gida ba. Duk wanda ya sauya tsayi ya sauya matsi, don haka ƙa'idar littattafan ita ce a koma ƙasa a sake tasowa a hankali. Masu natsuwa a cikinsu kuma sukan yi harsasan gwaji marasa albarushi da ƙyastu, su cika kowane gidan harsashi da suke da shi, su ja sakata da sauri da kuma a hankali, su ga ko na farko da na ƙarshe duk sun wuce. Gida biyu na kamfani ɗaya ma sukan bambanta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mun san wani zai ce, me ya haɗa mu da wannan, mu da doka ta hana mu ɗurin ma? Gaskiya ne, ba za mu ɗura ba. Amma cikinmu akwai makanikai da teloli da magina da masu walda, kuma kowannensu yana da nasa gidan harsashin: ramin da dole kaya ya shiga, ƙofar da dole gado ya wuce. Cikinmu kuma akwai marubuta labaran 'yan sanda da ɓarayi, waɗanda bindiga ke maƙale wa jarumansu ba tare da sun san abin da ke sa ta maƙale ba. Yanzu ga dalili ɗaya a hannu. Mu dai tun ranar da sandarmu mai ƙyalli ta ƙi shiga rami, mukan fara auna ramin kafin mu taɓa ƙarfe.

Wanda ke ganin mun tauye masu neman daidaito, ko yana da wata kalmar Hausa da ta fi waɗanda muka yi amfani da su dacewa, musamman mafarauta da tsofaffin sojojin da ke cikin zauren nan, fili nasa ne a ƙasa. Mu haɗu a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.